Amanar Tsiro: Darasi Daga Furen Sahlab na Ƙasar Turkiyya

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda ya ƙagi hatsi domin cikinmu, ya ƙagi ciyawa domin bisashenmu, ya kuma ƙagi wasu tsirrai a bayan duwatsu waɗanda idon ɗan Adam bai taɓa sauka a kansu ba, yana ciyar da su yana shayar da su ba tare da ya nemi shawarar kowa ba. Tsira da amincin Allah su ƙara tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa, da duk wanda ya bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ƴan uwa Musulmi masu saurarenmu a Maraɗi da Damagaram da Tawa da Yamai, da na ƙauyuka da rugage duk inda muryar wannan gidan rediyo take kaiwa,  Allah ya karɓi azuminmu da tsayuwarmu, ya sa muna cikin bayin da ake ƴantawa a wannan wata.

A zamanmu na yau za mu ɗauke ku zuwa wata ƙasa mai nisa, mu yi magana a kan wani ɗan tsiro da mafi yawanmu ba mu taɓa gani ba. Wani zai ce: Malam, ina ruwanmu da furen wata ƙasa, alhali ga tsadar hatsi, ga zafin rana, ga ƙishirwar azumi? Muna roƙon mai wannan tambaya ya yi haƙuri ya saurara har ƙarshe. Hausawa sun ce gani ga wane ya isa wane tsoron Allah. Labarin wannan fure labari ne na abin da yake faruwa idan mutum ya ci na bana ya haɗa da na baɗi, kuma babu manomin da bai san ma'anar wannan magana ba.

A cikin tsirran da Allah ya halitta akwai wani babban dangi da ake kira orkide. Masana sun ƙidaya kimanin nau'i 28,000 a cikinsa, wasu suna rayuwa a kan rassan itatuwa a dazuzzukan da ruwa ya yawaita, wasu kuma suna tsirowa a ƙasa. Waɗanda muke nufi su ne na ƙasa, masu fitowa a tsaunuka da filayen kiwo na Turkiyya da Iran da Girka da makwabtansu. Turkiyya kaɗai tana da nau'i sama da 150. Tsayin mafi yawansu bai wuce kamu ɗaya ko biyu ba. A ƙarƙashin kowane ɗaya, idan aka tona, za a tarar da curi biyu na saiwa, masu kama da rizga, suna manne da juna.

Daga waɗannan curarrakin ake samun garin da ake kira sahlab. Ana tono su, a wanke, a tafasa su a ruwa ko a nono, a shanya har su bushe su yi tauri kamar ƙaho, sannan a niƙa. Idan aka dama garin da madara mai zafi sai ya yi kauri da yauƙi, a barbaɗa masa kirfa a sha lokacin sanyi. Ɗalibanmu da suka yi karatu a Masar ko Sham sun san wannan abin sha. Da shi ne kuma mutanen birnin Kahramanmarash na Turkiyya suke yin wata daskararriyar madara mai zaƙi wadda ta shahara, wadda saboda danƙonta har da wuƙa ake yanka ta. Amfani da shi ya daɗe. Likitocin Musulmi na farko sun san shi, sun ambace shi cikin magunguna, cikinsu har da Ibnul Baiɗar, mutumin Andalus masanin tsirrai wanda ya rasu a Dimashƙa a shekarar 1248. A zamanin daular Usmaniyya ya bazu har ya kai Ingila, inda aka riƙa sayar da shi a bakin titi kafin shayi da gahawa su yi araha. Halal ne, babu mai jayayya a kan haka. Matsalar tana wajen yadda ake samo shi.

Ku saurari hikimar curin nan biyu. A waɗancan ƙasashe ruwan sama yana sauka ne lokacin sanyi, saɓanin namu da yake zuwa bayan bazara. Idan ruwan farko ya sauka, sai curin da ya kwana a ƙasa ya fitar da ganye. Tsiron yana cin abincin da ke cikinsa har ya yi kara ya yi fure, wajen watan Maris zuwa Mayu. Kafin nan curin ya tsotse ya yamutse. Amma tun yana tsotsewa tsiron yake gina wani sabo a gefensa, yana tara masa abinci. Idan zafi ya zo, ganye da kara suka bushe, wannan sabon curin shi ne zai kwanta a ƙasa ya jira ruwan baɗi. Kun ga ke nan ɗaya rumbun bana ne da aka cinye, ɗayan kuma irin shuka ne da aka ajiye.

To mai tonon sahlab ba shi da buƙatar tsohon curi, domin babu komai a cikinsa. Sabon yake ɗauka, ya jefar da sauran tsiron a rana. Kuma ba ya iya gane wurin tsiron sai lokacin da ya yi fure, wato kafin ya zubar da ƴaƴa. Da sara ɗaya an yi hasara biyu: an ɗauke curin da zai tsiro baɗi, an kuma kashe furen da zai ba da iri. Kowane curi ɗaya da ya shiga buhu, tsiro guda ne ya mutu. Masana sun kiyasta cewa kilo ɗaya na busasshen sahlab yana cin curi tsakanin 1,000 zuwa 4,000, gwargwadon girmansu. Ku yi lissafi da kanku: tan ɗaya yana nufin tsiro miliyan 1 zuwa miliyan 4. A ƙasar Iran, masu bincike sun kiyasta abin da aka tona a shekarar 2013 kaɗai tsakanin tsiro miliyan 7 zuwa miliyan 11, kuma mafi yawansa kasuwar waje aka nufa da shi. Wuraren da aka fara tonowa sun yi ƙaranci, sai masu saye suka tura neman zuwa tsaunukan da ba a taɓa taɓawa ba.

Wani zai ce, to ai sai a shuka wani. Nan ne za mu ga wata aya daga ayoyin Allah. Ƙwayar hatsi ko ta wake tana zuwa da guzurinta, abincin da ɗan tsiro zai ci kafin ya yi saiwa. Irin orkide ba shi da guzuri ko kaɗan. Ƙanana ne kamar ƙura, dubbai a cikin kwanso ɗaya, iska ce take ɗaukar su. Wanda ya faɗi ƙasa ba zai tsiro ba sai ya gamu da wata irin funfuna da take rayuwa a cikin ƙasa, ƴar uwar naman kaza, wadda zarenta ya fi gashi siranta. Ita ce take shiga cikin ƙwayar ta ciyar da ita, kamar yadda mai shayarwa take karɓar jaririn da ba ita ta haifa ba. Wani masani Bafaranshe mai suna Noël Bernard shi ya gano haka a shekarar 1899. Daga cikin dubban ƙwayoyin nan, ƴan kaɗan ne suke dacewa da wannan funfuna, kuma wanda ya dace sai ya yi shekara uku, huɗu, ko fiye kafin ya yi furen farko. Abin da aka ɗauki shekaru ana rainonsa a ɓoye, cikin ƙiftawar ido ake tumɓuke shi.

Bari mu ɗauki nau'i guda domin maganar ta fito fili. A kudu maso yammacin Turkiyya, cikin lardin Antaliya, akwai wani gari a bakin teku mai suna Kash. A ƙauyukan da ke tsaunukan bayansa ake samun wani orkide da masana suke kira Ophrys lycia, wanda aka fara bayyana shi a littattafan ilimi a shekarar 1980. Duk faɗin duniya babu inda yake fitowa sai wannan ɗan yanki. Furensa abin mamaki ne. Leɓensa na ƙasa yana da gashi-gashi da launi mai duhu, har mai kallo ya zaci ƙwaro ne ya sauka a kai. Danginsa ba sa ba ƙwari ruwan zaƙi kamar sauran furanni. Ƙamshi suke fitarwa irin na macen wani ƙudan zuma na daji, sai namijin ya zo ya sauka, garin barbara ya manne masa, ya tashi ya kai wa wani furen. Ta haka ake samun iri. Ku duba igiyoyin da rayuwar wannan ɗan tsiro take rataye a kansu: ƙwaro a sama, funfuna a ƙasa, ruwa a kan lokacinsa, da ƙasar da ba a kafta ba. Igiya ɗaya ta tsinke, sauran ba su da amfani. Wane ne ya ƙulla waɗannan igiyoyi in ba Mai hikima Masani ba?

Yau wannan nau'in yana cikin waɗanda ake tsoron ƙarewarsu gaba ɗaya. Masu tonon sahlab sun rage shi. Gine-gine da hanyoyi da sababbin gonaki sun cinye masa wuri, domin yankin ya zama matattarar masu yawon buɗe ido. Kiwon da ya wuce kima yana cinye furen kafin ya yi ƴaƴa. Kuma ko kun san ɗaya daga wuraren da ya samu mafaka? Makabarta. A tsakanin kaburburan ƙauye ne aka tarar da wani rabo mai muhimmanci na abin da ya saura daga cikinsa, kuma daga nan masanan jami'ar yankin da ma'aikatan gandun daji suka fara aikin tsare shi da wayar da kan mutanen ƙauyukan.

Wannan bai tsaya a kansa shi kaɗai ba. Wasu masana tsirrai daga jami'ar Debrecen ta ƙasar Hangare sun zagaya makabartu 300 a faɗin Turkiyya, suka fitar da sakamakon aikinsu a shekarar 2015. Sun tarar da orkide a cikin 208 daga cikinsu, nau'i 86. Dalilin a bayyane yake. Makabarta ba a nome ta, ba a sakin dabbobi a cikinta, ba a zuba mata maganin kashe ciyawa, kuma mutane suna jin nauyin su shiga da magirbi su yi tono kusa da iyayensu. Duk da haka, a wasu makabartun sun ga ramukan masu tono, alamar cewa idan kuɗi ya yi kira da ƙarfi har kunyar kabari takan kau.

Ya ku bayin Allah, mu tsaya nan mu yi tunani. Ƙasar da ke hannun rayayyu an tone ta ƙarƙaf. Ƙasar da matattu suke kwance a cikinta ita ce ta riƙe amanar. Ba don matattu suna da wani iko ba, domin ba su mallaki komai ba ko ga kawunansu. Abin da ya faru shi ne, a bakin makabarta ne kawai ɗan Adam yake tuna cewa akwai iyaka, ya janye hannunsa. Da a ce yana ɗauke da wannan tunani zuwa daji da gona da kasuwa, da ba a wayi gari sai a tsakanin kaburbura ake neman abin da Allah ya baza a kan tsaunuka ba.

Yanzu mu zo ga abin da addininmu ya koyar. Asali, ciyawar daji da tsirran da babu wanda ya shuka su halal ne ga wanda ya riga kai hannu, kuma hadisi ya nuna mutane suna tarayya a ruwa da makiyaya da wuta. Amma tarayya tana da ma'ana biyu. Tana ba ka haƙƙin ɗiba, tana kuma hana ka ƙarar da abin, domin abokan tarayyarka ba mutanen yau kaɗai ba ne, har da jikokin da ba a haifa ba. Malamanmu sun kafa ƙa'ida cewa cuta ana gusar da ita, kuma a mazhabar Imamu Malik an san babin toshe kafar ɓarna: abin da yake halal a kansa ana iya hana shi idan ya tabbata zai kai ga lalacewa.

Alƙur'ani mai girma, a Suratul Baƙara aya ta 205, ya siffanta wani mutum mai daɗin baki wanda alamar ɓarnarsa ita ce halaka shuka da zuriya. Ku lura da kalmar zuriya. Wanda ya yanka rago ɗaya ya ci, bai halaka zuriya ba. Wanda ya shafe irin wata halitta daga bayan ƙasa, shi ne ya yi abin da babu mai iya gyarawa. Duk likitocin duniya da injunansu ba za su iya dawo da nau'in da ya ƙare ba. A Suratul An'am an sanar da mu cewa dabbobi da tsuntsaye al'ummomi ne kamar mu, a Suratul Isra'i kuma an sanar da mu cewa kowane abu yana tasbihi, mu ne dai ba mu fahimta. Bukhari da Muslim sun ruwaito labarin wani Annabi daga Annabawan farko wanda tururuwa ɗaya ta cije shi, ya sa aka ƙone gidansu duka, sai Allah ya yi masa wahayi na zargi a kan ya halaka al'umma guda mai tasbihi saboda laifin guda ɗaya. Idan an zargi Annabi a kan gidan tururuwa ɗaya, me za mu ce ranar da aka tambaye mu game da nau'in halitta sukutum? Kuma da Allah ya yi nufin halaka mutanen Annabi Nuhu, amincin Allah ya tabbata a gare shi, sai da ya umarce shi ya ɗauki namiji da mace daga kowane iri. Ubangijin da yake da ikon sake halitta daga babu, shi ne ya koya wa bawansa ajiye iri.

Keɓe wuri domin a tsare tsirransa ma ba baƙon abu ba ne a Musulunci. Haramin Makka ba a sare itacensa, ba a cire ciyawarsa, in ban da izhir da aka togace bisa roƙon Abbas, Allah ya yarda da shi, saboda buƙatar mutane. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sanya wa Madina irin wannan alfarma, ya kuma keɓe makiyayar Naƙi'u domin dawakin Musulmi. Sayyidina Umar ya keɓe Rabaza. Wannan tsari shi ake kira hima. Sayyidina Abubakar kuwa, da zai tura runduna zuwa Sham, cikin wasiyyarsa har da hana sare itace mai ƴaƴa. Idan a fagen yaƙi an hana, ina ga lokacin zaman lafiya?

Sai dai adalci ya wajaba a kanmu. Su wane ne masu tonon sahlab? Mafi yawansu talakawan ƙauye ne, mata da yara da makiyaya, waɗanda ɗan abin da suka samu a wannan lokaci yake toshe musu wata kafa. Ba daidai ba ne mai ƙoshi ya zauna a birni ya kira su maɓarnata, alhali shi ne yake shan abin a kofi. Babban nauyi yana kan ɗan kasuwar da yake zuba kuɗi a tono masa ko nawa ne, da mai sayen da ba ya tambayar daga ina. Ku dubi fiƙihun Sayyidina Umar, kamar yadda ya zo a Muwaɗɗa. Da ya naɗa baransa Hunayyu ya kula da hima, ya umarce shi ya bar mai ƴan raƙuma kaɗan da mai ƴan tumaki kaɗan su shiga, ya tsare garkunan manyan mawadata irin su Ibnu Aufin da Ibnu Affan, domin su idan dabbobinsu suka halaka suna da gonakin dabino da za su koma wa, talaka kuwa ba shi da kowa sai hukuma. Duk dokar tsare daji da ta fara da murƙushe talaka ta ƙyale mai kuɗi, ta saɓa wa wannan fiƙihu, kuma ba za ta ɗore ba.

Me ake yi a can domin ceto abin da ya saura? Akwai yarjejeniyar ƙasa da ƙasa mai suna CITES, wadda aka sa wa hannu a birnin Washinton a 1973, ta fara aiki a 1975, ƙasarmu Nijar ma tana cikinta. Dukkan dangin orkide suna ƙarƙashin kariyarta, ba a ƙetare iyaka da su sai da izini. Turkiyya ta hana fitar da curin sahlab na daji zuwa waje. Cibiyoyin binciken noma, kamar wadda take Menemen kusa da Izmir, sun gano yadda za a noma wasu nau'o'in a gona, domin mai tono ya koma manomi. An kuma lura cewa a wasu nau'o'in, idan aka cire sabon curi aka mayar da tsiron cikin raminsa tare da tsohon aka rufe, yakan sake gina wani. Sannan yawancin sahlab da ake sha yau a Masar da wasu ƙasashe da garin sitaci ake yin sa, a ƙara masa ƙamshi, kuma babu wanda ya mutu saboda haka. Doka ita kaɗai ba ta isa ba, domin ba za a ajiye jandarma a gindin kowane fure ba. Abin da yake tsare tsiro a inda babu mai gani shi ne abin da yake tsare mai azumi a cikin ɗaki shi kaɗai da randar ruwan sanyi.

Nan ne maganar ta haɗu da watan da muke ciki. Azumi makaranta ce ta janye hannu. Ruwan naka ne, abincin da guminka ka samo shi, babu mai ganinka, amma ka bari har lokacinsa ya yi. Wanda ya yi kwana talatin yana wannan horo, bai kamata ya fita daji bayan salla da hannun da bai san bari ba. A Suratu Yusuf mun karanta yadda aka tsirar da ƙasa guda daga yunwar shekara bakwai ta hanyar barin hatsi a zangarniyarsa da cin kaɗan daga ciki. A Suratul A'araf an halatta mana ci da sha, aka hana mu wuce iyaka.

Mu dawo gida, ƴan uwa. Mu ba mu da sahlab, amma muna da irin wannan hannu. Ku tambayi dattawan garinku itatuwa da tsirran magani nawa suka sani a ƙuruciyarsu a bayan gari, waɗanda yau sai an yi tafiya mai nisa kafin a gan su. Ku dubi buhunan saiwoyi da sassaƙe da ake saukewa a kasuwanninmu, ku tambayi kanku itace nawa aka bari a tsaye. Ku dubi maɗaci da aka zagaye shi da sassaƙa har ya bushe, da ƙirya da aka mayar gawayi, da goriba da ake yanke kabarta tun tana ƙarama ba a bari ta tashi, da giginyar da ake sarewa ba a dasa wata. Sannan idan kun raka gawa, bayan kun yi wa mamaci addu'a, ku ɗaga kai ku dubi itatuwan makabartar, ku gwada su da na filin da ke wajenta. A garuruwa da yawa za ku ga abin da masanan can suka gani.

Amma kuma mu ne muke da hujjar cewa gyara yana yiwuwa. Bayan farin shekarun 1970 da na 1984, gonakin jihar Maraɗi sun zama fili fetal, iska tana binne shuka da rairayi. Daga 1983 aka fara abin da muke kira sassaben zamani, wanda wani masanin noma ɗan Ostireliya, Tony Rinaudo, ya taimaka wajen yaɗa shi tare da manoman yankin. Ba wani abu ba ne illa manomi ya daina tumɓuke kututture, ya zaɓi tohon da ya fi ƙarfi ya bar shi, ya rage sauran. Da wannan kaɗai, an kiyasta cewa kadada miliyan 5 sun farfaɗo a kudancin Nijar, da itatuwa kimanin miliyan 200. Ku je ƙasar Matamaye da Magarya ku ga gawo a cikin gonaki. Saiwar tana nan da rai a ƙarƙashin ƙasa duk tsawon shekarun nan, jira take a ɗauke mata gatari. Yau mutanen wasu ƙasashe suna zuwa koyon wannan a wurin manomanmu.

Saboda haka muna yi wa kanmu da ku wasiyya da abubuwa kaɗan waɗanda kowa zai iya. Mai neman magani, idan ganye zai wadatar kada ka taɓa saiwa. Idan dole sai saiwa, ka ɗauki ta gefe guda, ka bar uwar, ka mayar da ƙasa ka rufe ramin. Mai sassaƙa, ka ɗiba daga gefe ɗaya, kada ka yi wa itace zobe, domin ta ɓawon nan abincinsa yake bi. Mai tsinkar ganye da ƴaƴan itace, ka bar rabon iri. Mai saye a kasuwa, kada ka sayi fiye da buƙatarka har ya lalace a ɗaki. Manomi, idan ka fita sassabe bana ka bar toho. Masu unguwa da limamai da sarakunan gargajiya, ku tsare itatuwan makabarta, ku kuma yi shawara da jama'arku da ma'aikatan gandun daji a keɓe wani yanki na dajin gari a huta da shi shekara biyu ko uku, bisa sharaɗin Sayyidina Umar, wato a tausaya wa mai ƙaramin ƙarfi. Iyaye, ku koya wa yara sunayen tsirrai, domin abin da yaro bai san sunansa ba, ba zai lura da ranar da ya ɓace ba.

Kada wani ya raina wannan aiki. Ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa duk abin da mutum ko tsuntsu ko dabba ya ci daga shukar Musulmi ana rubuta masa ladan sadaka. Imamu Ahmad kuma ya ruwaito kwaɗaitarwa a kan mutum ya dasa ɗan dabinon da ke hannunsa ko da tashin Alƙiyama ya riske shi, matuƙar zai iya. Wanda aka umarce shi da dashe a ranar da babu gobe, ba shi da uzurin tumɓuke na gobe alhali goben tana nan tafe. Dukanmu za mu koma ƙarƙashin ƙasar nan, mu kwanta inda saiwoyi suke. Mu yi ƙoƙari abin da za mu bari a samanta ya zama mai yi mana shaida ta alheri.

Ya Allah, ka sanya mu cikin masu gyara a bayan ƙasa, kada ka sanya mu cikin maɓarnata. Ya Allah, ka ba mu wadatar zuci, ka tsare hannuwanmu daga ɗaukar abin da ya wuce buƙatarmu. Ya Allah, ka ba mu damana mai albarka, ka rayar da gonakinmu da dazuzzukanmu da makiyayanmu, ka yalwata wa talakawanmu ta hanyar halal. Ka jiƙan iyayenmu da malamanmu da dukkan Musulmin da suka riga mu, ka haskaka kaburburansu. Ka zaunar da ƙasarmu da makwabtanta lafiya. Ka karɓi azuminmu, ka nuna mana daren Lailatul Ƙadari, ka sa mu ga ƙarshen wannan wata muna waɗanda aka gafarta wa.

Abin da muka faɗa daidai daga Allah ne, kuskuren da ke ciki namu ne, muna neman gafararsa. Sai Allah ya kai mu gobe a irin wannan lokaci. Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.